Kada A Taɓa Idon Sai Na Zo

Balbeji, 9 ga Oktoba, 2022

Zuwa ga ƙanwata Raishatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau. An fara yankan hatsi, bana Damargu ba laifi, ko da yake tsuntsaye sun ci rabonsu a gefen Tarka. An koma lakol, an ba ni 'yan aji uku, su saba'in da ɗaya, ki taya ni da addu'a.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannu. Kawu Hamidu ne ya sa. Ran Juma'a na je Rijiyar Audi gaishe shi, na ce bari in ɗauki muryarsa a waya in tura miki, ya ce a'a, maganar waya ba ta da wurin kamawa. In rubuta, in ɗauki hoton takardar in tura, ke ma ki amsa a rubuce, in kai a buga masa ya ajiye. Ni da ke sai an zauna an warware dangi kafin a gano kakata da kakarki ɗaki ɗaya suka fito, amma Kawu namu ne mu biyu, ke kuma ya riƙa tun rasuwar mahaifiyarki. Saboda haka maganar ta fi shafarki.

Idonsa ne. Shi bai ce komai ba, matarsa Inna Zalika ce ta ja ni gefe. Ta ce tun damina yake karo da abubuwa. Turmi na gefensa ba ya gani sai ya buge shi, akuya ta wuce ta damansa bai sani ba, in aka yi masa magana daga gefe sai ya juyo da kai gaba ɗaya. Amma abin da ke gabansa sak yana ganinsa tar. A gabana ya zura zare a allura don kawai ya ƙaryata ta.

Kin san da idon nan yake ci. Har gobe daga Tanut da Ollelewa, Buzaye da Fulani zuwa suke su ɗauke shi in raƙumi ya ɓace, ya bi musu sawu. Na ce a kai shi asibiti, ya ce wane asibiti, yana da 'ya a Turai mai aikin gilasai da madubai da haske, wa ya fi ta sanin ido? Gaskiya ni na jawo, don ni na nuna musu hoton nan naki da farar riga kina riƙe da gilashi, na kuma ƙara gishiri. Yanzu duk ƙauyen sun san ke ce ta biyu a Turai wajen gyaran gani, ban san wa suka ba na ɗaya ba.

Ga hoton idanunsa, na ɗauka a ƙofar gida da hantsi. Ki duba ki gaya mana. Ya kuma ce ki yi masa bayanin aikin naki da Hausa, mutane suna tambayarsa yana jin kunya.

Yayarki,
Ummu

Turai, 14 ga Oktoba, 2022

Yaya Ummu,

Na ga takardarki, na yi murna har na karanta ta a tsaye ban cire rigar sanyi ba. Ina lafiya, sai kewar gida da tuwon da ba na shinkafa ba. Allah ya ba ki haƙurin yara saba'in da ɗaya. Ki gaida Inna Zalika, ki ce mata kukar da ta ba ni ta ƙare tun bara, ina nan ina lallaɓa daddawar.

Ga bayanin Kawu, ki karanta masa a hankali.

Kawu, inda nake akwai wata na'ura a ƙarƙashin ƙasa, tsawonta ya kai daga ƙofar gidanka zuwa rijiyar gari. A cikinta akwai bututu da aka zuƙe wa iska. Ana tura ƙwayoyin lantarki a ciki, ƙanana ƙwarai, da gudun da ya kusa na haske, su bi juna a jere su zama kamar zare. Mu ma zare muke ce masa. Ba wanda ya taɓa ganin zaren nan da ido, amma dole masu tuƙa na'urar su san kaurinsa da inda ya dosa, in ba haka ba ya kauce ya ƙona bututun. Nan aikina yake. Ina saka masa wani ɗan faranti mai sheƙi a hanya, a karkace, wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba. Da zarar ƙwayoyin sun faɗa wa ƙarfen sai su saki ɗan haske. Madubai da gilasai su ɗauki hasken su kai wa kamara, ni kuma ina zaune a wani ɗaki can sama, in ga ɗigo ɗaya a allo. Daga faɗin ɗigon da siffarsa nake gaya musu zaren ya yi kauri, ko ya karkace, ko lafiyarsa lau. In aka tambaye ka, ka ce aikinka na gada. Kai ba ka ga raƙumar ba, amma ka dubi ƙasa ka ce tana da ciki, tana ɗingisa ƙafar hagu. Ni ma sawu nake bi.

Yaya, sai maganar hoto. Na buɗe shi a babban allon ofis, na ƙara masa girma kamar yadda nake yi wa nawa. Akwai fari-fari a tsakiyar ƙwayar, musamman ta dama. Wannan yana ce, irin ta tsufa. Ba abin tashin hankali ba ne, ba ta da gaggawa, aikin minti kaɗan ne a cire ta. Abin da nake tsoro shi ne mutanen nan masu yawo kasuwa-kasuwa da allura wai suna ture yana, da masu ɗiga ruwan itace. Sun makantar da mutane da yawa. Don haka ki karanta masa wannan da ƙarfi:

Kawu, kada ka bari kowa ya taɓa idon nan, kada a ɗiga masa komai, sai na zo. Ina tafe a Janairu, ni zan kai ka da kaina.

Batun na biyu a Turai kuwa, ki bar su, ba ni na faɗa ba.

Ƙanwarki,
Raishatu

Balbeji, 18 ga Disamba, 2022

Raishatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai tari da ya kama rabin ajina. Hatsi ya shiga rumbu, an fara bukukuwa, kowace Asabar sai na yi anko ba da son raina ba.

Takardarki ta yi kasuwa. Ranar da na kai, Kawu ya tara mutane a gindin aduwar ƙofar gidansa, na karanta sau uku. Da na zo wajen "aikinka na gada" sai ya gyara zama ya dubi liman. Yanzu tana cikin gafakarsa, a naɗe cikin leda.

Ita ce ma dalilin rubuto miki wannan. Makon jiya ayarin likitocin ido na kyauta sun sauka a Tanut, kwana biyar. Majo, babban malamin jinya na asibitin Tarka, ya zo da mota har Rijiyar Audi yana kwasar tsofaffi. Mutum shida suka shiga. Kawu ya fito da takardarki ya miƙa masa, ya ce, "Karanta nan, yaro. Tawa likitar na tafe." Majo ya karanta, ya ce shi bai san ki ba kuma ba zai ja da ke ba, amma yadda tsohon nan ke juya kai bai yi masa kama da yana kaɗai ba, a bari a auna, aunawa ba taɓawa ba ce. Kawu ya ce taɓawa ce.

Inna Zalika ta sa aka kira ni a waya ina tsakiyar darasi. Na ce a ƙyale shi, Janairu ai gobe ne. Da na ajiye wayar sai raina bai kwanta ba, har yanzu kuma bai kwanta ba. Me kika gani game da maganar majo? Ke kika san abin, ni malamar ABCD ce.

Ki gaya min ranar saukarki in nemi izini in tarye ki a Damagaram. Kawu ya ware tunkiya.

Ummu

Turai, 6 ga Janairu, 2023

Yaya Ummu,

Ina gaisuwa, ina fatan tarin yara ya yi sauƙi. Ki yi haƙuri da gajeriyar takarda, a guje nake.

Ba zan samu zuwa wannan watan ba. Na'urarmu ta yi wata biyu a rufe ana gyara, sai aka ɗaga makonnin da aka ba ni na yin awo zuwa ƙarshen Janairu da Fabrairu. Mutane da yawa ke layi a kanta. In na bari ya wuce, sai baɗi, kuma ba ni da abin da zan rubuta a kundin digirina. Na mayar da tikitin zuwa Yuli. Wallahi na yi kuka, amma ba yadda zan yi.

Majo ba shi da laifi, aikinsa ke nan. Amma kada ki damu, wata shida ba za su canja wa yana komai ba. Ki lallashi Kawu, ki ce tunkiyar ta ƙara ƙiba kafin in zo.

Raishatu

Balbeji, 2 ga Mayu, 2023

Raishatu,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na ga saƙonninki na waya, ban amsa ba da gangan. Da farko haushi ne, daga baya kuma ban san ta inda zan fara ba. Jikinmu lafiya. Sauran ki karanta.

Kafin azumi wani Buzu ya zo daga arewacin Tanut, taguwarsa ta ɓace. Kawu ya ɗauki sanda ya bi shi. Mutumin da kansa ya ba Inna Zalika labari. Ya ce tsoho ya kama sawun tun daga bakin rijiya, yana tafe kansa a sunkuye, har suka isa wani fako inda taguwar ta karkata dama. Kawu ya wuce sak. Ya yi ta kewaya wurin har la'asar, sawun na nan taku uku a gefensa, shi mai taguwar yana kallonsa. Kunya ta hana shi nunawa. Daga ƙarshe ya ce, "Tsoho, mu koma, iska ta share." Ranar ko ganye ba ya motsi, kuma Kawu ya fi kowa sani. Ya dawo bai ci abinci ba.

Bayan Sallah da kwana biyu na yi masa ƙarya. Na ce kin bugo kin ce a je a auna kafin ki zo, don ki san kayan da za ki taho da su. Da haka na sa shi a mota zuwa Damagaram.

Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne. Ruwan cikin idon ke taruwa yana danne jijiyar gani, yana ci daga gefe yana matsowa tsakiya, ba ciwo, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Yanar da kika gani akwai ta, 'yar kaɗan, irin wadda kowane tsoho ke da ita. Idon dama ya riga ya tafi. Na hagu saura kamar mai leƙe ta ramin kara. Na tambaye shi da an zo a Disamba fa. Bai so faɗa ba, na matsa. Ya ce da an tsare da yawa.

Ba ke kaɗai ba ce. Ni na ɗora miki rigar da ba taki ba don in yi taƙama da ke, ni kuma na ce a ƙyale shi ranar da mota ta zo har ƙofar gida. Ina tsaye gaban allo sai abin ya faɗo min, in manta abin da nake rubutawa.

Amma ba don mu raba laifi na rubuto ba. An ba shi maganin ɗigawa, safe da yamma har iyakar rayuwa, kuma ya koma kowane wata a duba. Likita ya ce in aka riƙe, ana iya tsare ɗan abin da ya rage. Kwana takwas ke nan kwalbar tana kan katanga ba a buɗe ba. Ya ce likitan Damagaram yaro ne, Raishatu ta ce kada a ɗiga komai. Na ce kin canja magana, ya ce ina takarda? Yana gaya wa mutane a Yuli za ki zo da na'ura ki kunna masa duka biyun.

Kina iya rubuto "a ɗiga" kawai, zai ɗiga. Amma ba zai koma Damagaram ba muddin yana ganin kin fi wanda ke can, kuma duk abin da likita ya ce zai jira sai ya ji daga bakinki. Ban gaya miki abin da za ki rubuta ba. Ki dai yi sauri.

Ummu

Turai, 3 ga Mayu, 2023

Yaya Ummu,

Na ga takardarki. Ban iya tambayar lafiyar kowa ba yau, ki yafe min.

Na koma na buɗe takardarki ta Oktoba. Ga shi nan da hannunki: turmi na gefensa ba ya gani, na gabansa yana gani tar. Na kwafi layin nan kaɗai na saka a kwamfuta, sunan ciwon ne ya fara fitowa. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. A Oktoba ban karanta layin ba, tsallake shi na yi ina ɗokin in kai wurin da zan ba da labarin kaina.

Bari in gaya miki abin da na zauna dominsa a Fabrairu. Rana ta uku da fara awo, ɗigon ya fito a allo kamar zobe, haske a kewaye, rami a tsakiya. Na tashi na sanar wa kowa zaren ya buɗe. Malamina ya ce, "Da me kika tabbatar?" Na ce ga hoto. Ya ce hoto ɗaya ba ya zama shaida a ɗakin nan. Muka ratsa zaren da wata siririyar waya, wadda hanya ce dabam ta awo, sai ga shi lafiyarsa lau, ba rami ba komai. Ashe ƙwayoyin ne suka matsu da juna ƙwarai har suka riƙa sakin haskensu tare, hasken ya yi yawa ya ba da siffar da ba ta zaren ba. Mako uku na yi ina tuhumar hoton nan, ina aunawa ta nan ina aunawa ta can. Yanzu shi ne babi mafi kyau a kundina, har an yaba min. Hoton idon Kawu, wanda kika ɗauka da waya a tsakar rana, minti biyar na ba shi. Kuma lokacin da nake koyon wannan darasi takardar da kika kawo maganar majo tana cikin jakata, ban tuna da ita ba.

Kin ce kin ɗora min riga. Ni na sa hannu na ɗaura. Daɗi na ji da aka ce na san ido. Shekara huɗu ina nan ba wanda ya san sunan garinmu, sai ga wuri ɗaya a duniya da ake tara mutane a karanta maganata. Ban so in ce ban sani ba.

Ga ta Kawu. Kada ki rage komai, kada ki gyara.

Kawu, ina gaishe ka. Raishatu ce. Ban san ido ba. Ban taɓa karanta shi ba ko na rana ɗaya. Gilasan da nake aiki da su na na'ura ne, ba na mutum ba. Da aka turo min hotonka, abin da ya kamata in ce shi ne ban sani ba, a kai ka asibiti. Na ƙi faɗa don kada in ragu a idon mutane. Maganar da na rubuta maka kuskure ce, ita ta hana ka shiga motar Tanut, ita ta ci maka idon dama. Ba ni da na'urar da za ta dawo da shi, babu ita a ko'ina. Majo ya fi ni gaskiya, likitan Damagaram ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Ka ɗiga maganin yau. Ka koma duk ranar da ya ce. Ko na zo na faɗi wani abu dabam game da idonka, kada ka saurare ni. Ka riƙe ni tun ina shekara shida, ban taɓa jin ka ce ka ga sawun da ba ka gani ba. Ni na yi. Ka yafe min in za ka iya.

Raishatu

Balbeji, 7 ga Mayu, 2023

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, ina fatan kin samu kin ci wani abu. Mu nan lafiya, sai zafi.

Na kai a buga takardar ran Alhamis, ran Juma'a da safe na hau babur zuwa Rijiyar Audi. Niyyata in karanta masa a ɗaki, daga shi sai Inna Zalika. Amma an riga an gan ni da ambulan a hannu. Kafin in gama shan ruwa an shimfiɗa tabarmi a gindin aduwa, liman ya zo, maƙwabta sun zo, har da biyu daga cikin tsofaffin da aka yi wa aiki a Tanut. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Kawu, wannan ta cikin gida ce." Ya ce, "Takardar Raishatu ba a karanta ta a ɗaki."

Na karanta. Ban rage ba, ban gyara ba. Da na gama, Kawu ya ce in maimaita daga "ban san ido ba". Na maimaita. Liman ya ce Allah shi ne masani, ya tashi kamar ya tuna wani aiki, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu a hankali.

Aka bar mu da Kawu. Can ya ce, "Zalika, ɗauko kwalbar nan." Ta ɗauko, ni na karɓa na buɗe. Ya cire hula ya ɗaga kansa sama, na ɗiga masa. Ya ce yana da zafi, na ce haka likita ya ce. Ranar ashirin da huɗu za mu koma Damagaram, shi ya tambayi ranar da kansa.

Ba zan ce miki ya yafe ba, ba zan ce bai yafe ba. Bai ambaci wannan ba, ni kuma ban tambaya ba. Da na tashi tafiya ya ce Yuli saura wata nawa. Na ce biyu. Ya ce likita ya ce na hagun zai kai? Na ce ya ce in an riƙe magani, ana sa rai. Sai ya ce in ɗauko biro, in rubuta yadda ya faɗa.

"Ki ce mata ta zo da rana, kada ta bari sai yamma. In ta shigo ta tsaya a gabana sak, taku biyar, ta daɗe a tsaye, don sai na neme ta kafin in same ta. Kuma kada ta durƙusa. Na san za ta so ta durƙusa. In ta yi ƙasa ɓace min za ta yi, ni kuma so nake in gan ta."

Yayarki,
Ummu